Sunan Inna a Kan Ƙwaron Rafi

Shekara ashirin da biyu ke nan ina zana al'aurar ƙwari. In mutum ya tambaye ni aikina a wurin taro haka nake gaya masa, ba na sakayawa, in bar shi ya rasa inda zai sa idonsa. Ba ni na tsara abin haka ba. Ƙwaron da muke aiki a kansa, wanda littattafai ke kira kadis, mu kuma a ɗakinmu muke ce wa magini, ba a gane irinsa ta fuska. Tsutsarsa a cikin rafi take zama, ta tara tsakuwa da 'yan itatuwa ta gina wa kanta kwanso, ta riƙa jan abinta duk inda za ta. In ta girma ta yi fukafukai, sai ta zama wani ɗan abu ruwan ƙasa mai kama da faɗa-wuta, kuma in ka tara ɗari duk kamarsu ɗaya. Jijiyoyin fukafuki da ƙayoyin ƙafa suna gaya maka danginsa. Amma in kana son ka san ko wane iri ne a cikin dangin, dole ka yanke ƙarshen cikin namijin, ka dafa shi a ruwan soda har naman ya narke, ka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma ka duba. Abin da ido ya gani a nan shi nake zanawa da tawada.

Ƙa'idar dafawar guda ɗaya ce, kuma tsohon Farfesan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, bai gaji da maimaita ta ba har ya bar duniya: wutsiya ɗaya, kofi ɗaya. Wutsiya muke ce wa guntun da aka yanke. Ka dafa ta ita kaɗai, ka wanke, ka sa a 'yar mitsitsiyar kwalba, ka jefa cikin kwalbar sifirit ɗin da gangar jikin mai ita take, sannan ka taɓa ta gaba. In ka haɗa biyu a kofi ɗaya, to rabon kayan matattu za ka yi da ka, kuma ƙwaro ba zai tashi ya ce maka wannan ba tawa ba ce.

Ƙanina shi ne Dakta a sashenmu yanzu. Autan Innarmu ne. Ni na goye shi, ni na fara kawo shi ɗakin nan lokacin hutun makaranta, ni na koya masa riƙon hantsaki ba tare da ya murƙushe abin da ya kama ba. Shi ya tafi ya yi karatu har ya ƙure shi, ni na tsaya inda nake da takardar sakandare da kwalbar tawada. Ban taɓa jin haushin wannan ba, ko in ce ban cika ji ba. A gida Auta nake ce masa, shi ya ce Yaya. A wurin aiki ni in ce Dakta, shi kuwa tun da aka ba shi ofis mai labule ya koma ce mini Mai-zane, yadda kowa ke faɗa.

Akwai abin da ya kamata a sani game da suna a sana'armu. Wanda ya gano sabon iri shi ke raɗa masa suna, ya buga a mujalla tare da zane, a ajiye ƙwaro guda ɗaya tak a matsayin shaida. Daga ranar da aka buga, bakin alƙalami ya bushe. Ko daga baya an gane kuskure ne ba a goge sunan, sai dai a mayar da shi ƙarƙashin sunan gaskiya, duk mai buɗe kundi ya gani cewa wane ya yi kwaɓa a shekara kaza. Kuma a dangi ɗaya ba a amfani da suna sau biyu. In ka ɓata shi a kan ƙwaron banza, ba za ka sake ba wani ba.

Shi ya sa na yi shekara uku ina zaune a kan nawa sabon ƙwaron. Innarmu wankau take yi a rafin da ke bayan tsohuwar unguwarmu, da sabulu da duwatsun rafin nan ta ciyar da mu. Shekara ɗaya bayan rasuwarta na je can da magariba, da fitila da farin ƙyalle, na kamo namijin magini guda ɗaya da ban taɓa ganin irinsa ba. Na zana shi sau huɗu. Na gwada da duk wani zanen da aka taɓa bugawa a danginsa, babu mai kama da shi. Na sa shi a can ƙarshen durowata ina jiran in sami na biyu in tabbatar, kuma ban gaya wa kowa ba, har Auta. Sunan Inna na tanadar masa.

Ran wata Talata da hantsi sai ga Auta ya faɗo ɗakina, baki har kunne.

"Yaya," ya ce. Da na ji Yaya a wurin aiki na san abin babba ne. "Yaya, na samu. Sabo ne fil, kuma daga rafinmu."

Ya ajiye mini kwalba a kan tebur. A ciki akwai jar takardar da ake sa wa shaida, da rubutun hannunsa. Na karanta. Sunan dangin ne a gaba, dangin da nawa yake ciki, sai sunan Inna a bayansa da 'yar jelar Latin da ake maƙala wa suna.

Na daure na ce, "Allah ya sanya albarka."

"Zanen nake so kafin ƙarshen wata. Kin san kwamitin ƙarin girma zai zauna, takarda ɗaya ta rage mini."

Da ya fita na daɗe ban taɓa kwalbar ba. Na yi ta ba kaina haƙuri. Na ce ai ɗanta ne shi ma, in nasa gaskiya ne Inna ta sami ƙwaronta, ko ta hannun wa ya zo. Na bar ta ciki na ciki, na zuba ƙwaron a faranti, na kunna fitilar madubi.

Cikin magini gaɓa-gaɓa yake kamar rake, gaɓa goma. Ta biyar ba ta ɓuya, domin tana da 'yan ƙofofi biyu a gefe da gefe waɗanda sauran ba su da su. Na duba gangar jikin, na ƙirga abin da ya rage a jikinta bayan yanka: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ga ƙofofin nan. Na ɗauko wutsiyar daga 'yar kwalbarta na kwantar a gefe. Gaɓarta ta farko ita ma ga ƙofofi biyu. Na goge gilashin madubi na sake dubawa. Na tashi na wanke fuska na dawo. Ƙwaron da ƙanina zai ba sunan uwarmu yana da gaɓa ta biyar har guda biyu.

Nan take na tuna wata rana a farkon shekara da na shiga ɗakin dafawa na tarar da wutsiya shida suna yawo a kofi ɗaya. Na yi masa magana a lokacin, ya ce kada in damu, ya san kowace da girmanta. Na tashi na nufi kabad, na ciro sauran kwalabe biyar na ranar. A ta huɗu na sami abin da nake nema: gangar jiki mai gaɓa huɗu, da wutsiyar da ta fara daga ta shida. Wannan ba shi da ta biyar ko ɗaya. Musanya aka yi musu. Auta ya duba fukafukin ɗaya ya gane danginsa, sannan ya duba wutsiyar wani dangin daban, ya ga ba ta yi kama da kowa ba, ya ce sabo ne. Ai dole ta ƙi yin kama. Da na mayar wa kowa tasa a faranti, su biyun duka gama-gari ne, an raɗa musu suna tun ba a haifi Inna ba. Na sake mayar da su kwalabensu yadda na same su.

Allah ya sani ofishinsa na fara zuwa. Na tarar yana waya, ya jingina da kujera yana dariya da wani. Na tsaya a bakin ƙofa. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya ce, "Mai-zane, in zanen ne ajiye a kan tebur." Ya yi mini alama da yatsu in ja masa ƙofa. Na ja masa ita yadda sai da labulen ya motsa.

Ran Alhamis ake taron sashe. Darakta na zaune a kan tebur, mutumin kirki ne amma masanin kifi, bai san gaban magini da bayansa ba. Auta ya tashi ya yi bayanin sabon irinsa, ya faɗi sunan, ya ce don tunawa da mahaifiyarsa ne. Mahaifiyarsa, kamar shi kaɗai ta haifa. A ƙarshe ya gode wa "ma'aikatan ɗakin zane da za su taimaka da hotuna". Ɗakin zane ni kaɗai ce a cikinsa, ni da fanka.

Darakta ya ce, "To, sai mu tafa wa Dakta."

Ban ɗaga hannu ba, bakina ne kawai ya buɗe. "Ranka ya daɗe, kafin a tafa, a tambayi Dakta gaɓa ta biyar nawa ƙwaro yake da ita."

Darakta ya sauke tabarau. "Me kike nufi, Mai-zane?"

"Ina nufin kan wani ne da gindin wani. Shida ya dafa a kofi ɗaya kamar mai dafa wa baƙi, ya raba yadda ya ga dama. Wannan ba sabon iri ba ne, ɗinki ne."

Wani a can baya ya yi dariya ya mayar da ita tari. Na ga jijiyar wuyan Auta ta tashi, irin yadda take yi tun yana yaro in an kama shi da laifi. Bai dube ni ba. Darakta ya duba, ya yi magana a hankali.

"Ranka ya daɗe, na gode wa Mai-zane da kulawarta. Sai dai akwai abubuwan da a aji ake koyonsu, ba a teburin tawada ba. Irin wannan alamar takan maimaitu a gaɓa ta shida a wasu ƙwari. In ta gama mana zanen sai mu ci gaba."

Ban taɓa ganin haka ba a shekara ashirin da biyu, kuma na san shi ma bai taɓa gani ba. A tsaye ya ƙirƙiro ta. Darakta ya dube ni ya dube shi, ya ce maganar gida a kai ta gida, ya wuce batun gyaran janareto. Na koma na zauna. Ba a taɓa ci mini fuska haka ba, kuma wai daga wanda na wanke wa kashi.

Ran Asabar Gwaggo ta aiko in je. Ƙanwar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage mana a manya. Na same ta a ɗakinta tana tsinke zaren wani tsohon zani, rediyo na yi mata surutu a ƙasa-ƙasa. Kofin da Auta ke shan ruwa da shi in ya zo yana kan tebur, da sauran ruwa a ciki. Ta bari na gama gaisuwa sannan ta kashe rediyon.

"Ke, wai me yaron nan ya tare miki?"

"Bai tare mini komai ba, Gwaggo. Ƙwaron ne ba daidai ba."

"Ƙwaro." Ta maimaita kalmar kamar ta tsinci tsakuwa a abinci. "A kan abin da ko kaza ba za ta ƙoshi da shi ba kika tsaya gaban manyansa kika tsige shi tas?"

"Gwaggo, ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

"Gyaran a kunne ake yi, ba a tsakiyar kasuwa ba. Uwarku ta mutu ko hoton kirki ba ta bari ba. Yaro ya tashi zai sa sunanta a littafi, ke kuma kin zo da ƙirge-ƙirge. Kin san abin da mutane za su ce? Hassada. Ni ma da ban san ki ba haka zan ce."

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, har na ɗauki ƙarshen zaren nan na tsinka biyu ina nuna mata. Ta karɓe abinta daga hannuna.

"Ni ban san wannan ba. Abin da na sani, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki je ki zana masa abin da ya ce. In akwai kuskure, masu ilmi suna can, za su gani."

Wannan maganar tata ta ƙarshe na riƙe, kuma ita ta kai ni ta baro. A hanyar komawa gida na yi ta juya ta. Ba ya ce a aji ake koyo ba? To, bari 'yan aji su gaya masa. Duk takardar da aka aika mujalla sai masu tantancewa biyu sun karanta ta kafin a buga, manyan masana, masu furfura a kan wannan ƙwaron. Na ce zan zana masa, amma gaskiya zan zana.

Kwana tara na yi a kai. Ba wutsiyar kaɗai na zana ba yadda aka saba. Na zana cikin gaba ɗaya, guntun da ke jikin gangar da wanda aka yanke, gefe da gefe. Na fito da ƙofofin nan huɗu tangaran, na sa wa kowace gaɓa lambarta da ƙaramin rubutu. Biyar tana nan sau biyu, baƙi a kan fari, makaho ma ya shafa ya ji. A duk rayuwata ban yi zanen da ya kai shi kyau ba, domin haushi na iya gyara hannu. Na sa haruffan sunana a ƙasa kamar kullum, na kai ofishinsa lokacin da na san ba ya nan.

Washegari na tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin ƙofata. "Ya yi kyau. Na gode." Ko duba lambobin bai yi ba. Ya aika.

Wata huɗu muna jira, kowa da abin da yake jira. Mukan haɗu a baranda. "Ina kwana, Dakta." "Lafiya lau, Mai-zane." Tsakanin ɗakina da ofishinsa taku goma sha biyu ne, na ƙirga. Ba ranar da ban ce yau zan je in kamo hannunsa ba, kuma ba ranar da na je. Da na tuna teburin tawada sai in ji wuyana ya sandare. Na riƙa hango ranar da amsar za ta zo, ya shigo kansa a ƙasa, in ce masa ba komai, sannan in buɗe durowa in nuna masa nawa. Har kalmomin da zan faɗa na tanada.

Amsar ta zo. Mai tantancewa na farko ya ce a ƙara taswirar rafin. Na biyu ya gyara waƙafi uku, ya ce zanen abin yabo ne, a miƙa gaisuwarsa ga mai zanen. Darakta da kansa ya zo ya karanta mini wannan layin yana murna. Na ji kamar in kwashe kwalaben ɗakin in watsa ta taga. Manyan masana, masu furfura, an ajiye musu lamba biyar har sau biyu a gaban hancinsu, sun tsaya neman waƙafi. Ko a ranar, da na tashi na yi magana, da an tsayar da bugun. Sai na ce ai edita zai gani. Edita bai gani ba.

Aka buga. Aka ƙara wa Auta girma. Gwaggo ta sa aka yi wa shafin gilashi ta rataye a saman gadonta, duk wanda ya shiga sai ta nuna masa, ko da yake ita kanta a juye ta fara rataye shi.

Sati biyu bayan haka, da azahar, ya ƙwanƙwasa ƙofata. Yana riƙe da mujallar. Ya tsaya kamar baƙo.

"Yaya, ga naki. Na ce a aiko da biyu." Ya ajiye a gabana a buɗe. "Abin da ya wuce ya wuce. Ni ma na yi magana mara daɗi ranar nan."

Na dubi shafin. Sunan Inna a sama da manyan baƙaƙe, zanena a tsakiya, haruffan sunana a ƙasa. Mu uku a shafi ɗaya, kuma shafin ƙarya ne.

"Rufe ƙofa," na ce.

Ya rufe.

"Zauna nan."

"Yaya, don Allah kada mu koma..."

Na tashi na kama hannun rigarsa na zaunar da shi a kujerata, yadda nake yi masa yana ɗan shekara goma sha biyu. Na ɗauko kwalbar shaida da kwalba ta huɗu, na zuba kowace a farantinta, na daidaita masa madubi.

"Ƙirga. Da ƙarfi, in ji."

Ya sa ido. Sannan ya fara. "Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar." Ya matsar da hantsaki kan wutsiyar. Bai faɗi lambar ba. Na tura masa faranti na biyu. Ya duba gangar, ya duba wutsiyar, ya ɗauko ta ya kai kusa da gangar farko. Bakin yankan ya hau daidai, har da 'yar karkatar da almakashinsa ya yi. Duka abin bai kai minti uku ba.

Ya ɗago. "Tun yaushe kika ga kwalba ta huɗun nan?"

"Tun ranar da ka kawo."

"Ba ki faɗe ta a taro ba."

"Ka bar ni na gama magana ne?"

"Bayan taro fa? Wata biyar, Yaya." Ya jawo mujallar, ya kai fuskarsa kusa da zanen, ya bi lambobin da yatsa. Na ga lokacin da yatsan ya tsaya. "Kin rubuta a nan. Kin rubuta, kika ba ni, kika zauna kina kallo."

"Na zana abin da na gani. Kai ne mai karatun aji."

Na so maganar ta yi mini daɗi a baki, ba ta yi ba. Kuma tun da abin ya kai nan, na ce bari a yi ta ta ƙare. Na jawo durowa har ƙarshe, na ciro kwalbata, na zuba masa a faranti na uku.

Ƙanina yana da gaggawa, amma ba jahili ba ne. Ya ƙirga gaɓoɓin da kansa ba tare da na ce ba. Ya juya wutsiyar ta gefe, ta sama, ta ƙasa. Ya tashi ya ɗauko babban kundin dangin daga kan kanta, ya yi ta buɗe shafuka yana komawa madubi. Na tsaya a jikin taga ina kallon masu yankan ciyawa. Ya fi rabin awa.

"Wannan na gaske ne," ya ce. "Daga ina?"

"Rafinmu. Ƙasan dutsen da take shanya."

"Yaushe?"

"Shekara uku."

Ya rufe kundin a hankali. "Wane suna kika so ki sa masa?"

Bai jira amsa ba, ya riga ya sani. Ya kuma san abin da na sani: dangi ɗaya ne da nasa, sunan ya riga ya ƙone.

"Me ya sa ba ki nuna mini ba? Ko a ranar da na kawo nawa. Da na jira. Da mun sa a kan wannan."

"Da ka sa sunanka kai kaɗai a ƙasa, ka gode wa ɗakin zane."

Na zaci zai musa. Na ma shirya masa amsa. Ya dubi farantin ya ce, "Da na sa. Ba zan yi miki ƙarya ba, da na sa." Ya miƙe ya gyara rigarsa inda na kama. "Amma da yanzu sunan Inna yana kan gaskiya."

Wata biyar ina tara maganganun da zan jefe shi da su, ko ɗaya ba ta zo ba.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Gara mu kashe sunan nan da hannunmu kafin wani ya zo ya kashe mana. Ki rubuta gyaran, ke kika gani. Sunanki a gaba, nawa a baya. Zan sa hannu. Ni zan gaya wa Darakta." Ya kama hannun ƙofa. "Gwaggo kuma ke za ki gaya mata."

Ya fita ya ja ƙofar, ba ƙara.

Na mayar da kowane ƙwaro kwalbarsa, ɗaya bayan ɗaya, na cika su da sifirit. Nawa na rasa inda zan sa shi, na bar shi a kan tebur. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin sunana a saman takarda ba, kuma wannan ce za ta zama ta farko. Na jawo farar takarda, na feƙe fensir, na rubuta sunan Inna a layin farko. Na daɗe ina kallonsa, sannan na fara bayanin dalilin da ya sa babu ƙwaro mai wannan suna.